Ramin da Ke Jikin Akwatin Sifika

A kan hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta nufi Dutsin-Ma, musamman ranar ɗaurin aure ko lokacin kamfen, ƙirjin mutum kan riga kunnensa sanin cewa mota na tafe. Tun ba ka gane waƙar wa aka sa ba, dum-dum ɗin ya iso. In motar ta tsaya aka ɗaga but, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: akwatin katako lulluɓe da baƙin kafet, sifika mai inci 12 a fuskarsa, sai wani rami a gefenta. Sifikar da amfilifayar akan sayo su ne daga Sabon Gari a Kano ko Alaba ta Legas. Akwatin kuwa aikin gida ne. Kafinta ya yanka ya haɗa, mai gyaran rediyo ya ɗaura sifika, mai wayarin mota ya ja wuta. Babu ɗayansu da ya koyi aikin a aji, amma sana'ar ta kai har garuruwa irin su Birchi, kuma tun da aka buɗe jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011 matasa masu sha'awar abin suka ƙaru.

Ka tambayi kafinta amfanin ramin nan, amsar da ka fi samu ita ce: "Ai don ta sha iska ne, Alhaji, kar ta ɗau zafi." Hannunsa ya ƙware, kusurwoyinsa sun miƙe, amma a nan ya kauce. Ramin shi ne rabin injin, kuma rashin sanin haka ne babban raunin sana'ar a wajenmu.

Takardar sifika in ta turo iska gaba, a daidai wannan lokacin tana janye iska ta baya. Amo mai kauri yana da doguwar tafiya. Wanda ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa tsawon igiyarsa ɗaya ya haura mita 8. Saboda haka iskar gaba da ta baya sukan zagayo su haɗu su kashe juna, shi ya sa sifikar da aka ajiye tsirara a kan benci ba ta da bes ko kaɗan, sai ƙara. Aikin farko na akwati shi ne raba gaba da baya. In aka toshe shi ruf, amon baya ya mutu a ciki, an yi asarar rabin wahalar. In aka huda shi da lissafi, sai a juyo da wannan amon ya fito ya taimaki na gaba. Duk yaron da ya taɓa hura bakin kwalbar lemo ya san sirrin: iskar da ke wuyan kwalbar tana rawa a kan iskar da ke cikinta, kuma kowace kwalba da muryarta. Mai babban ciki da dogon wuya ta fi kauri, in ka zuba mata ruwa muryar ta sirance. Bajamushe Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1863. Albert Thuras na Bell Labs a Amurka ya samu rajistar ƙirƙirar akwatin sifika mai rami a 1932, sannan Neville Thiele a Ostireliya ya fitar da lissafinsa a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Tun daga nan, sifikar kirki takan zo da takardar da ta faɗi girman akwatin da ya dace da ita. Mu a nan takardar ce ake fara yarwa tare da kwalin.

Ribar ba ƙarama ba ce. A kusa da muryar da aka saita shi, akwati mai rami kan ba da ƙarin desibel 3 ko fiye a kan toshasshe, kuma desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, ba tare da an ƙara ko wat ɗaya a kan batir ba.

A ɗauki akwatin da cikinsa ke da faɗin santimita 50, tsawo 36, zurfi 30. Wannan lita 54 ke nan. In aka cire wurin da maganaɗisun sifika da bututun ramin suka cinye, a ce lita 50. In ana son muryarsa ta sauka wajen kaɗawa 35 a daƙiƙa da fayif ɗin ruwa mai inci 4, dole tsawon fayif ɗin ya kai kusan santimita 30, kuma a shigar da shi ta gefe ya bi dogon ɓangaren, don bakinsa na ciki ya samu tazarar da ba ta gaza faɗinsa ba daga bango. To amma abin da aka saba yi shi ne a kifa gwangwani a kan katako, a zagaye da fensir, a yanke, shi ke nan. Rami mai faɗin inci 4 da ba shi da wuya sai kaurin katakon, a wannan akwatin, muryarsa tana wajen 65 zuwa 70. Akwati ɗaya, sifika ɗaya, amma an ninka muryar kusan sau biyu saboda guntun fayif da bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Me ya sa ba a kai ƙorafi? A nan ne nake ganin kafintan ya yi gamo da katar. Kiɗan da aka fi sa wa a motocinmu, wato kiɗan fiyano na situdiyoyin Kano, daga waƙoƙin fim zuwa na siyasa irin na Dauda Kahutu Rarara, bugunsa mai dukan ƙirji ba can ƙasa yake ba, yana kusa da inda wannan ramin ya faɗa bisa kuskure. Kalangun Mamman Shata da ƙwaryar Barmani Choge ma ba su buƙatar zurfin da ya wuce haka. Mai mota ya ji tana duka, ya biya, ya ƙara da tukuici. Matsalar takan zo ne ran da ƙanensa ya ari motar ya sa amapiyano ko waƙoƙin Legas masu bes mai zurfi. Duk amon da ya gangara ƙasa da muryar ramin, akwatin ya daina riƙe takardar sifika, ta koma kamar tsirara take. Za ka ga tana fita tana komawa da nisa, sautin bai ƙaru ba, sai ka ji ƙas-ƙas koyil, wato naɗin wayar da ke cikin sifikar, na dukan gindi. Bayan mako biyu ana wurin mai gyara ana naɗin sabuwar waya, ana zagin kayan Caina. Amfilifayoyin mota da yawa suna da wani ɗan maɓalli da ke datse amon da ya yi ƙasa da yawa. Da an saita shi ƙasa kaɗan da muryar ramin, da sifikar ta tsira.

Sai kuma ɓangare na biyu, samarin da ke sauko da zane daga YouTube su kai wa kafinta a waya. Su sun fi kusa da daidai, amma su ma kwaikwayo ne ba tambaya. Zanen Amurka an yi shi ne don mota rufaffiya, gilasai a ɗage, iyakwandishan na aiki, mai motar na son kujera ta girgiza shi. Ɗaki ƙarami rufaffe irin na mota yana ƙara wa amo mai zurfi ƙarfi da kansa, shi ya sa suke saita muryar ramin wajen 30 zuwa 35. Mu kuwa yawancin kiɗanmu na waje ne. Motar kamfen, motar rakiyar amarya, mai tallan magani a bakin kasuwa, duk so suke a ji su daga nesa, but a buɗe ko akwati a kan rufi. Keke Napep ma ba shi da ƙofar da zai riƙe komai. A fili, sifika ɗaya mai inci 12 da aka saita can ƙasa za ta sha wuta ta bar mutane suna tambaya ko an kunna. Irin wannan aikin ya fi son murya wajen 45 zuwa 50, kamar yadda ake yi wa manyan akwatunan masu dije. Tambayar da ya kamata kafinta ya fara yi, tun kafin ya ɗauki zarto, ita ce: "Maigida, kai za ka ji ko mutanen gari?"

Sauran aikin kafintocinmu sun san shi, sai dai farashi kan sa a yi rowa. Filawud ɗin silin ba ya yi. Bango in yana rawa, ƙarfin da zai zama amo ne yake sha. Ana son kauri milimita 18, a sa gam a kowace mahaɗa sannan a ɗaure da sukuru, a kafa tokare a tsakiya. Allon garin katako da ake kira MDF ya fi sauƙin yanka kuma ba ya amsa kuwwa, amma in ruwan damina ya shiga but sai ya kumbura ya ruɓe, don haka filawud mai kyau ya fi dacewa da motar haya mai ɗaukar buhuna da jarkoki. A goge bakin fayif ya yi santsi, in ba haka ba iska za ta riƙa huci. A sa raga mai manyan idanu, don ɓera ba ya raina rami. Wutar ma haka: amfilifaya mai wat 500 na gaskiya kan ja amfiya 40 zuwa 50 in aka ƙure ta, abin da tsohuwar Golf da siririyar waya ba za su jure ba, kuma dole a sa fis kusa da batir. Wat 5000 da ake bugawa da jan fenti a jikin kwali kuwa, talla ce kawai.

Kunne ma yana da nasa lissafin. Ma'aunin da likitocin ji ke amfani da shi shi ne desibel 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin gida biyu. Direban da akwatin ke bayan ƙeyarsa daga safe zuwa magariba shi ne zai fara biya. Nijeriya tana da dokar hayaniya tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, ko da yake a garuruwanmu abin da ke sa a rage murya shi ne kiran salla ko tsawar dattijo.

Wanda ya riga ya mallaki akwati ba sai ya fasa shi ba kafin ya san muryarsa. Akwai manhajojin waya na kyauta masu fitar da amo ɗaya tak a lambar da ka zaɓa. A haɗa wayar da rediyon motar, a rage ƙara sosai, a fara daga 80 ana saukowa sannu a hankali, yatsa na taɓe da takardar sifika. Akwai lambar da takardar za ta kusan tsayawa cak alhali iska na bugowa daga ramin da ƙarfi. Wannan ita ce muryar akwatin. In ta yi sama da abin da ake so, a ƙara tsawon fayif; in ta yi ƙasa, a rage shi santimita 2 a sake gwadawa, kuma kada a shafa gam sai an samu lambar.