Waƙar Diga da Garin da Muka Manta

Duk sa'ad da muka zauna nazarin Waƙar Diga ta Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, kan kari da amsa-amo muke tsayawa. A ganina wannan rabin nazari ne. Shin ina aikin digar ya faro? Daga Baro, bakin kogin Kwara, a 1907, ya kai Kano a 1911 da gumin talakawan da aka tilasta wa aikin. Jiragen ruwa suna sauke kaya, gari ya bunƙasa. Da aka gama gadar Jebba a 1916, sai kaya suka koma hanyar Ikko, Baro ta koma ƙauye. Bature ya raya ta don bukatarsa, bukata ta biya ya watsar. Ɗalibin da bai san wannan ba, me ya fahimta cikin waƙar?