Gwanintar Killace Ma'aikaci a Tsakiyar Teku

Babban jirgin ruwa na shaƙatawa yakan ɗauki dubban fasinjoji, da ma'aikata sama da dubu masu yi musu hidima. Fasinja yana can sama yana shan iska, su kuwa ma'aikatan, waɗanda da yawansu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, a hawan ƙasa suke kwana, galibi biyu-biyu a ɗan ƙaramin ɗaki mai gado hawa biyu da banɗaki guda. Wuri ɗaya suke cin abinci, lungu ɗaya suke bi zuwa bakin aiki. Idan cuta mai yaɗuwa ta ɓulla a cikinsu, babu asibitin gari da za a tura mutum, babu gidan da za a ce ya koma ya huta. Duk da wannan matsi, likitoci da malaman jinya da masu sharar jirgi sun ƙware wajen tare cuta tun tana kan mutum ɗaya, kuma aikin nasu ya isa a jinjina masa.

Babbar abokiyar gabarsu ita ce ƙwayar norobairos mai haddasa amai da gudawa. Kaɗan daga cikinta ya isa ya kwantar da ƙato. Tana bayyana tsakanin awa 12 zuwa 48 bayan ta shiga jiki, tana kwanaki a kan mariƙin ƙofa da maɓallin lifta, kuma man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya yi mata wani abin kirki, sai wankin sabulu da ruwa. Saboda irin wannan cuta ne hukumar CDC ta Amurka ta kafa shirin duba tsabtar jiragen ruwa a 1975. Jami'anta suna hawa jirgi sau biyu a shekara ba tare da sanarwa ba, su ba da maki bisa ɗari, wanda ya samu 85 ko ƙasa da haka ya faɗi.

Gwanintar tana farawa ne tun kafin a rufe ƙofa, wato sa ma'aikaci ya faɗi gaskiya da wuri. Mutumin da ya baro iyali watanni, kuma wani ɓangare na samunsa daga kyautar fasinjoji yake fitowa, zuciyarsa za ta raya masa ya daure ya ɓoye. Shi ya sa ake haɗa tsanani da sauƙi. Ɓoye ciwo laifi ne da ake hukunci a kansa. Amma yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006 ta tanadi magani kyauta, da cikakken albashi muddin majinyaci yana cikin jirgi. Shugaba nagari yakan nanata wa yaransa wannan har ya zauna musu, don wanda ya san ba za a tsangwame shi ba shi ne mai saurin ɗaga waya.

A ɗauka wani kuku ne cikinsa ya murɗa da ƙarfe ukun dare. Ya kira asibitin jirgi, malamar jinya ta ce kada ya fito, ga ta nan. Ta zo sanye da safar hannu da takunkumi, ta auna zafin jikinsa, ta tambayi sau nawa ya zaga. Sau uku cikin awa 24, ko amai tare da wata alama kamar murɗar ciki ko zazzaɓi, ya isa a shigar da sunansa kundin masu ciwo. Sai ta miƙa masa takardar tambayoyi kan kwana uku da suka shige: me ya ci, ina ya sauka, a wane kicin ya yi aiki, da wa ya zauna. Tunda mai taɓa abinci ne, ba zai koma aiki ba sai ya cika awa 48 babu alama ko ɗaya, wanda ba ya taɓa abinci kuwa awa 24. Daga alamar ƙarshe ake fara ƙirge, in ciwon ya dawo a sake sabon lale. Abokin ɗakinsa ma a raba su, a riƙa bibiyarsa kwana biyu ko da garau yake.

Daga nan ƙofar ɗakin ta zama iyaka. A ajiye masa abinci a bakinta cikin mazubin da ake yarwa, a yawaita masa ruwan gishiri da sukari. Zannuwan gadonsa su shiga jaka ta daban, a wanke su daban da ruwa mai zafi. Masu sharar da aka ware wa wannan aiki su bi ɗakin da ruwan kulorin mai ƙarfi, daga inda ya fi tsabta zuwa banɗaki, su bar sinadarin ya jima kafin a goge, don gaggawa a nan ɓarna ce. Su kansu ba su da hurumin leƙa kicin.

Likita kuma idonsa na kan lissafi. Jirgin da ya taso daga wata ƙasa zai shiga tashar Amurka yakan aika rahoton masu ciwo awa 24 zuwa 36 kafin ya isa, ko da babu kowa. In sun kai kashi 2 cikin ɗari na fasinjoji ko na ma'aikata, sai rahoto na musamman. In sun kai kashi 3, hukuma ta sanar da duniya. Tun kafin a kai can ake hana kowa ɗibar abinci da kansa, a kuma sake tsara aiki yadda rukunin da cuta ta taɓa ba zai cuɗanya da sauran ba.

Abin da ke faruwa in aka yi sakaci da ma'aikata an gan shi a jirgin Diamond Princess, wanda aka tsare a tashar Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020 da mutum 3,711, cikinsu ma'aikata 1,045. An rufe fasinjoji a ɗakunansu saboda korona, ma'aikata kuwa suka ci gaba da girki da kai abinci, suna kwana tare. Bincike ya nuna daga cikin ma'aikata 20 na farko da suka kamu, 15 masu aikin abinci ne, 16 kuma a hawa ɗaya ɗakunansu suke. A ƙarshe mutum 712 suka harbu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Darasin ya shiga. Da jirage suka dawo aiki bayan korona ta tsayar da su, kamfanoni sun riƙa barin wasu ɗakunan fasinjoji babu kowa don killacewa, sun ƙara kayan gwaji da na tace iska. Ɗakin da aka bari fayau kuɗi ne aka sadaukar, amma ya fi arha a kan jirgin da tasha ta ƙi karɓa. Lafiyar dubban mutanen da ke sama tana rataye ne a kan yadda aka riƙe mai wanke-wanke da ke ƙasa ranar da ya kwanta ciwo, kuma waɗanda suka iya riƙe shi da ƙa'ida da mutunci su ne gwanayen wannan sana'a.