Cokali Biyu, Wai Ta Ƙoshi

Yau kam da mu marubuta nake, kuma ban cire kaina ba, don haka duk wadda ta ji zafin maganata ta yi haƙuri, ni na riga ta ji.

Na san babu mai karatun littattafanmu na soyayya da za ta ce ba ta taɓa cin karo da wannan wurin ba. Saurayi ya zo zance da la'asar sakaliya cikin wata danƙareriyar mota, ya ce wa yarinya ta zo ta raka shi unguwa. Ba su zame ko'ina ba sai wani katafaren gidan abinci a Nasarawa, sanyin esi ya dake su tun daga bakin ƙofa, sabis ya rugo da takardar abinci yana rusunawa. Gogan naku ya dube ta ya ce me za a kawo miki? Ita kuma ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta, ta ce duk abin da ka zaɓa. Kafin ka ce kwabo an cika tebur: soyayyiyar shinkafa, kaza, soyayyen dankalin Turawa, haɗin kabeji, lemo kala uku, ga ais-kirim. To daga nan ne fa abin haushin yake. Yarinya ta ɗauki cokali mai yatsu ta tsakuri shinkafa sau biyu, ta kurɓi lemo, ta ture faranti, wai ta ƙoshi. Shi kuma ya zaro bandir ɗin kuɗi ya dire, bai ƙirga ba, bai jira canji ba, su tashi su bar kaza sukutum a kan tebur.

Na karanta irin wannan ya fi a ƙirga, a littattafan takarda da ake saye a kasuwa da waɗanda ake turawa ta waya yanzu. In faɗa muku gaskiya ni ma na rubuta shi a littafina na farko, alhali a lokacin ko ƙofar irin wannan wuri ban taɓa takawa ba. A wani littafin na gani na ɗauka, kuma ina kyautata zaton ita ma wadda na ɗauka a wajenta haka ta yi.

Abin da ya farkar da ni wata fita ce da muka yi da ƙawayena. Mu huɗu ne, tun sakandare muke tare. Ɗaya daga cikinmu aurenta ya mutu bayan shekara 11, ta koma gidansu da yara biyu, har ta gama idda ba ta leƙa ko zaure ba, ta rame ta ƙanjame, in ka kai mata abinci sai ka dawo ka tarar da shi yadda ka ajiye. Sai mai ɗinkin cikinmu ta ɗauki adashe, ta rantse sai mun fitar da ita ta sha iska. Kowacce ta nemi izini a gida. Nawa maigidan cewa ya yi a dawo kafin magariba, kuma kada a manta da shi. Muka je muka roƙi Hajiyarsu, muka sa ta ta yi wanka da kyar, muka tari adaidaita sahu sai wani gidan abinci da ba zan faɗi sunansa ba.

Da aka kawo takarda, ni da ƙawata ɗaya muka yi irin ta littafi. Wallahi tuwo nake sha'awa, amma sai na ji nauyin faɗa a wuri mai esi da tayil, na ce soyayyiyar shinkafa da kaza. Mai ɗinki ta ce farfesun kayan ciki da gurasa. Ita kuwa baiwar Allah da muka fito dominta ko kallon takardar ba ta yi ba, ta ɗaga kai ta ce wa yaron, “Ɗan nan, akwai tuwo?” Ya ce akwai na shinkafa da miyar taushe. Ta ce kawo.

Bari in faɗi yadda abincin yake, tunda abin da muke gudun faɗa ke nan a littafi. Shinkafata a ido sai ka ce hoton kalanda, ga karas ga koren wake, amma a baki kori ne kawai da dunƙulen ɗanɗano da mai, ta bushe ta yi tsatsa alamar tun safe aka soya ta ake ɗumamawa. Kazar irin ta gidan gona ce, ƙatuwa, fatar ta soyu amma can wajen ƙashi salam, ko gishiri bai ratsa ba. Haɗin kabejin ya saki ruwa. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Tuwon nan kuwa, jama'a! Malmala biyu fari tas, ya tuƙu ya yi laushi babu gudaji ko ɗaya. Miyar ta ji kabewa har ta narke a ciki, gyaɗar ta dahu ba ta gaya, an sa yakuwa daidai yadda ɗan tsaminta zai kashe zaƙin kabewar, alayyahun bai mutu a wuta ba, ƙamshin daddawa na tashi sama-sama, ga tantaƙwashi da ɓargo, aka kuma zuba man shanu a kai. Duk wadda ta yi wannan miya ba a takarda ta koya ba. Ƙawarmu ta ture cokali gefe, ta nemi ruwa ta wanke hannu, ta gyara zaman mayafi, ta sa hannu. Muna kallonta ta tashi da malmala ɗaya, ta shiga ta biyu, gumi na tsatstsafo mata a goshi duk da sanyin wurin. Can ta ɗago ta gan mu mun zuba mata ido, ta ce, “To mayu, ku sa hannu mana, kun zauna kuna tsintar shinkafa kamar kaji.” Muka tuntsire da dariya, ita ma ta yi ta yi har da hawaye, rabon da mu ji dariyarta an fi wata 5. Ƙarshenta dai sai da aka ƙaro malmala uku, mu huɗu muka haɗu a kwano ɗaya kamar muna ɗakin kwana na makaranta, muka kora da zoɓo mai citta da kanumfari.

A hanyar dawowa na yi ta tunani, ni da nake kiran kaina marubuciya, me ya hana ni taɓa rubuta abu irin wannan? Da na bincika sai na ga a littattafanmu ba a yarda mace ta shiga gidan abinci ba sai namiji mai kuɗi ne ya kai ta. In kuwa kika ga mata sun haɗu su kaɗai a kan tebur, to ki tabbata mugayen ƙawaye ne, yanzu za a fara kitsa yadda za a je wajen boka ko a kashe wa wata aure. Uwar ɗakin 'yan duniya ce ke biyan kuɗi, tana taunar cingam tana hure wa matar kirki kunne. Ban ce babu irin waɗannan a gari ba, akwai su. Amma mun maimaita abin har ya zama duk matar auren da ta ce za ta fita cin abinci da ƙawayenta sai a yi mata wani irin kallo, kuma ku sani mazan ma suna karanta mu, ko da a ɓoye ne. Na san gidan da aka hana mace zuwa walimar ƙawarta, hujjar maigidan kuwa ba ta wuce irin labaran da mu muka rubuta da hannunmu ba. Mun ɗauki zumuncin mata, wanda shi ke riƙe da yawancinmu ranar haihuwa da ranar mutuwa da ranar saki, mun shafa masa kashin kaji don kawai labari ya yi zaƙi.

Sai maganar cokali biyun nan. Mu a ganinmu aji muke ba jaruma, wai ita ba mayunwaciya ba ce, ba kuɗinsa ne ya dame ta ba. To yara sun ɗauka. 'Yar yayata da aka sa wa rana, yaron ya nemi izini ya kai ta cin abinci tare da ƙanwarta, ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba ta faɗa kicin tana kankare ƙanzon tukunya. Na ce ke lafiya, ba daga cin daɗi kike ba? Ta ce, “Haba Anti, a gabansa zan zauna ina cin kaza?” Yaron nan ma'aikaci ne ƙarami. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ku kuma kun san yadda kaya suka tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Allah kaɗai ya san kwana nawa ya yi yana tara kuɗin wannan tebur, aka bar shi aka taso, shi bai ci ba don kunya, ita ba ta ci ba don aji, ƙanwar ce kawai ta more. Wannan almubazzaranci ne, kuma a wajenmu ta koya. Irin su ne za ki ga amarya ta yi wata uku tana cin abinci a tsaye a kicin, don ba ta iya haɗiya a gaban mijinta.

Shi ma bandir ɗin da ba a ƙirgawa ƙarya ce. Mu da aka kawo mana takardar kuɗi sai da mai ɗinki ta bi ta layi-layi da yatsa, ta tambayi yaron wannan na ƙasan fa na mene ne, ya ce harajin VAT ne, kashi 7.5 cikin 100 da ake karɓa tun 2020. Muka yi ta rigima, ita ta ce ita ta gayyato, mu muka ce ba za ta ƙarar da adashenta a cikinmu ba, aka dai yi karo-karo, aka hana mai tuwo ko buɗe jaka. Kuɗin ya kai cefanen gidana na kwana huɗu, shi ya sa ba abin yi kullum ba ne. Amma ko wannan 'yar rigimar ta fi bandir daɗin karantawa.

Kada wata ta ce ina ƙin abincin baƙi ne. Ni da nake son shawarma kamar me. Ai gurasar da muke tinƙaho da ita a Kano, har a ce sai ta Jakara, baƙuwa ce, Larabawan da suka biyo ayarin Sahara zuwa Kasuwar Kurmi ne suka zo da ita, haka alkaki da alkubus, sunayen ma duk daga Larabci suke. Da ta zauna aka jiƙa ta aka barbaɗa mata ƙuli-ƙuli da yaji da mai da albasa, ta zama bandashe, wa zai ce yau ba tamu ba ce? Shawarma kuma Kwarori ne suka kawo, ga ta nan a kowane lungu. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka raba abinci gida biyu a rubutu. Muddin jaruma tana gidan talauci to tuwon dawa ne da miyar kuka, kullum a kwanon da ya fashe, kullum tana ci tana hawaye. Ranar da mai kuɗi ya aure ta an yi sallama da tuwo ke nan har ƙarshen littafi, sai jerin sunayen Turanci da ita kanta marubuciyar ba ta san ɗanɗanonsu ba. Shi ya sa ba ma iya faɗin yadda abin yake a baki, sai dai mu ce “haɗaɗɗen abinci” mu wuce. Waina da sinasir da funkaso, dambun nama, kilishi, ɗan wake da ya ji mai da yaji, duk manyan Alhazawan garin nan suna aikawa a sayo musu, amma ban da Alhajin littafi.

Iyayenmu a wannan sana'a ba duka suka yi haka ba. Ku koma ku duba Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, aka kuma fassara shi zuwa Turanci a 2012. Da Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta, sayar da abinci ta kama ta riƙe su da shi. A wannan littafin abinci yana da nauyi, ana jin kuɗin cefane, ana jin wahalar murhu, an san cewa bayan kowane kwano akwai macen da ta tashi tun asuba. Mu kuwa muna zaunar da jaruma a tebur, ba ma ko tuna wadda ke can baya cikin hayaƙi. Ranar nan da na je wanke hannu na leƙa ta wata 'yar taga, na hango mai tuwon, dattijuwa ce da ɗaurin ƙirji a kan riga, tana juya muciya a tukunyar da za ta ci yaro ɗan shekara 5. Na ce sannu da aiki Baba, miya ta yi daɗi. Ta washe baki ta ce, “Allah ya yi albarka 'yar nan, ai ba a cika faɗa mana ba.”

Kazar da na kasa ci ban bar ta a tebur ba, na ce a ƙulle mini a leda, maigida ya samu tsarabarsa, ya ci yana cewa ai gara tawa. Ƙawarmu kuma ta sa aka zuba mata miya a roba ta kai wa Hajiya.

A littafin da nake kan rubutawa yanzu na sa jarumar ta je gidan abinci da aminanta biyu ranar da ta ci jarrabawa, ta cinye tuwonta tas ta ce a ƙaro. Yaron da ke buga mini a kwamfuta da ya iso wurin sai ya dakata, ya juyo ya ce, “Anti, wannan jarumar taki ba ta da aji ne? Ko in rage mata malmala ɗaya?” Na ce kul, bar mata abinta, in ma da wuri a shafin ka ƙara mata man shanu.