Jinjina ga Masu Haƙar Kabari

A kusa da Mani ta ƙasar Katsina akwai tuddan Durɓi Takusheyi. Da aka tona su a 1907, sannan a 1992, an tarar da manyan mutanen dā binne da kayan ƙawansu na ƙarfe da hauren giwa. Mu yau likkafani kawai muke tafiya da shi, amma hannun da ke gyara makwancin yana nan.

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, inda gona ke jingine da gona, da an ji rasuwa sai ka ga matasa sun saɓa diga da shebur, ba wanda ya aike su. A auna mamaci da karan dawa, a haƙa uwar kabari, a fafe 'yar cikinta daidai kafaɗa, fuska ga alƙibla. Wani ya jera itace, wani ya kwaɓa ƙasa ya toshe kowace kafa. Da rani ƙasar kamar dutse take. Ranar da muka kai mahaifina, na ga tafin wani yaro ya fashe, bai ajiye digar ba.

Galibinsu ko sisi ba sa karɓa. In ka je gaisuwa, ka neme su, ka ce musu sannu da aiki. Allah Ya saka musu da alheri.