Faifan 4K Na 'The Fellowship of the Ring': Gyara Ko Kwaskwarima?

Duk wanda ya san finafinan almara da yaƙi ya san The Fellowship of the Ring, kashin farko na The Lord of the Rings, wanda darakta Peter Jackson ya ɗauka a ƙasar Niyu Zilan, ya fito a 2001. Yau ba labarin za mu tattauna ba. Abin da ke gabanmu shi ne faifan 4K da kamfanin Warner ya saki a Disambar 2020: hoto da sautinsa sun cancanci kuɗin mai saye?

Bari mu soma da abin yabo. Faifan Blu-ray na dogon zubi da aka fitar a 2011 ya sha suka saboda wani kore-kore da ya lulluɓe hoton, har ƙanƙarar kan dutse ta daina zama fara. A wannan sabon an wanke shi tas. Fari ya koma fari, ciyawar ƙauyen su Frodo ta yi shar. Sai kuma ramin Moria, inda a tsofaffin faifai duhu kan cinye komai. Yanzu ana rarrabe ginshiƙai da fuskoki cikin duhun, sa'annan idan dodon nan Balrog ya bayyana, wutarsa har kashe ido ta ke yi.

To amma fa akwai gyara. Da fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauki shirin, irinsa kuwa ya na da wani yashi-yashi a jikin hoto, wanda a cikinsa ƙananan bayanai su ke ɓuya: ramukan fata, zaren tufafi, silin gemu. Masu gyaran sun sa kwamfuta ta goge yashin nan, a wasu wuraren kuma hannunsu ya yi nauyi. Ka duba fuskokin da aka ɗauko kurkusa, wasu sun yi sumul kamar an shafe su da kakin zuma. Mayaƙin da ya kwana biyu a daji ya fito kamar ango! Garin neman gira an taɓa ido ke nan.

Na biyu, siddabarun kwamfutar fim ɗin tun asali a ma'aunin 2K aka haɗa shi, ba a kuma sake shi ba, faɗaɗa shi kawai aka yi. Shi ya sa za ka ga wani fage garau, na bayansa kuma ya yi laushi. A ƙaramar talabijin ba lallai ka lura ba, amma a babba abin ba ya ɓuya.

Masu kare aikin na cewa ai Jackson da kansa ya sa ido a kai, kuma mai kaya shi ke da iko da kayansa. Haka ne. Sai dai hoton ba nasa ne shi kaɗai ba. Andrew Lesnie, mai ɗaukar hoton da ya ci kyautar Oska da wannan aiki, ya rasu a 2015, babu damar a ji ta bakinsa. A ganina, aikin da ya ci kyauta kamata ya yi a share masa ƙura kawai, kada a sauya masa kama.

Ɓangaren sauti kam ban da ta cewa. Tsarin Dolby Atmos ya yi rawar gani. Gangunan Moria daga nesa su ke tasowa har ka ji su a ƙirjinka, kururuwar baƙaƙen mahaya na ratsa ɗaki, ruwan da ya share su a mashigin kogi kamar a kanka ya ke zubowa. Duk da wannan hayaniya, magana na fita sarai, kiɗan Howard Shore bai danne ta ba.

Wani abin takaici, faifai 9 ne a kwalin finafinan uku, amma babu ko ɗaya na bayanin yadda aka yi aikin, alhali su ne su ka ƙawata fitowar DVD ta 2002.

Shawarata ga mai karatu: in ka na da talabijin ta 4K da lasifikokin da za su ɗauki sautin, saye ba asara ba ne, ko don kunnenka. In kuwa a waya za ka kalla bayan an matse shi an tura maka, to duk wannan gardama ba ta shafe ka ba. Wanda kuma ke da tsohon faifansa, kada ya yi gaggawar kyautar da shi.