Sharhi a Kan Kalmar "Gajeren Zango"

Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, kalmar "gajeren zango" ta zauna a bakin masu sauraro. Sai dai kalmar tana da rauni. A Hausar fatake, zango shi ne masauki, ko nisan da ke tsakanin masaukai biyu. Don haka manomin Yankara, a ƙasar Faskari, zai zaci muryar ba ta cin nisa. Alhali kuwa ita ta fi nisa, domin igiyarta kan daki can saman samaniya ta dawo ƙasa. Gajartar ta igiyar ce, kamar mita 19 ko 49, ba ta tafiyar ba. A littattafan makaranta, "gajeriyar igiya" ta fi dacewa.