Gajarta Ba Ita Ce Sauƙi Ba: Sharhi Kan Littattafan Fara Karatu a Zawaciki

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba ma'aunin da iyaye da malamai suke amfani da shi wajen zaɓar wa yaro littafinsa na farko na karatun Hausar boko. Abin da ya jawo hankalina shi ne wata ziyara da na kai wata makarantar firamare a yankin Zawaciki, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso ta Jihar Kano, domin duba ɗalibaina masu koyarwar gwaji. Da yawa daga iyayen yaran wannan yanki ma'aikata ne a masana'antun Challawa da Sharaɗa, wasu har Bompai suke zuwa, wasu kuma direbobi ne da masu dako a kewayen tashar tsandauri ta Dala, wadda aka buɗe a Zawaciki a 2023. Uban da ya kwana a majema ko a kamfanin roba ba shi da sukunin zama ya bi wa ɗansa karatu. Saboda haka littafin da aka saya wa yaron shi ne malaminsa na gida, in ya gyaru yaro ya gyaru, in ya karkace babu mai miƙe shi.

Da na tambayi malamai dalilin da ya sa suka fifita littafin da ke hannunsu, amsarsu ɗaya ce, wai kalmominsa gajeru ne, jimlolinsa ma gajeru. Ra'ayina shi ne wannan ma'auni aro ne daga Turanci, kuma bai dace da Hausa ba.

Tsawon kalma da nauyin gaɓa

A Turanci rubutu da furuci sukan saɓa, shi ya sa ake fara wa yaro da gajerun kalmomi, wasu ma haddace siffarsu yake yi. Hausa kuwa tun lokacin da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutunta a 1912, an ɗora bokonta ne bisa kusantar furuci. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko kuma baƙi da wasali da baƙi. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali ya sami mabuɗin kusan kowace kalma.

Alal misali, a ɗauki kalmar makaranta da kalmar ƙwai. Ta farko haruffa tara ce, amma gaɓoɓinta huɗu, ma-ka-ran-ta, babu mai gardama a cikinsu. Ta biyu haruffa huɗu ce tak, amma ta tara wahala uku a wuri ɗaya: baƙi mai ƙugiya, da goyon w, da tagwan wasali. Haka abin yake ga tsamiya, da kyanwa, da 'ya'ya, da gwanda. Ashe nauyin kalma a Hausa yana ga irin gaɓarta ne, ba ga yawan haruffanta ba. Littafin da ya kawo ƙwai a shafi na uku don gajartarta, ya jinkirta talata da asabar don tsawonsu, ya sa wa yaro tsani a kife.

Abin da rubutu bai nuna ba

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti, alhali su biyun suna bambanta ma'ana. Kalmar gari tana iya zama wurin zama, tana iya zama abin tuwo. Kuka ko dai hawaye ko bishiya. Wuya ko dai gaɓar jiki ko wahala. Ita kanta baba, wadda masu rubuta littattafan farko suke ƙauna don baƙi ɗaya da wasali ɗaya ne aka maimaita, tana iya nufin mahaifi, ko uwa da goggo, ko shukar da ake rini da ita. Babban mutum ba ya jin wannan nauyi, domin idonsa ya riga bakinsa kaiwa ƙarshen jimla. Yaro kuwa gaɓa gaɓa yake tafiya, ba shi da abin da zai dafa.

A ajin da na ziyarta na ga wata yarinya an rubuta mata gari ita kaɗai a allo. Ta haɗa gaɓoɓin daidai, ta furta ta da ma'anar abin tuwo, malami ya ce ta yi kure, domin shi birni yake nufi. Yarinyar ba ta yi kure ba, wanda ya tsayar da kalmar tsirara shi ya yi. Amma darasin da ta tafi da shi gida shi ne cewa ƙa'idar da aka koya mata ba abar dogaro ba ce, kuma wannan shi ne mafarin tsoron karatu.

Haka kuma gajerar jimla ba ta tsira ba. Idan aka rubuta Audu ya zo, ana iya karanta ta iri uku: ko labarin abin da ya shuɗe, ko umurni cewa a bar shi ya zo, ko kuma tsammanin zai zo nan gaba. Bambancin duk yana cikin tsawo da karin kalmar ya, rubutu kuwa bai nuna ba. Da za a ce Jiya Audu ya zo gidanmu, jimla ta ƙara tsawo, amma ta rage wahala, don kalmar jiya ta riga ta gaya wa yaro yadda zai furta abin da ke tafe. A nan ƙarin kalma sauƙi ne, ragi kuwa tsanani.

Littattafan da ke hannu

Idan aka auna littattafan da ake samu da wannan ma'auni, za a kasa su gida uku.

Kashi na farko su ne na gado, waɗanda suka fito daga Zariya, inda Hukumar Talifi, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da NNPC da aka kafa a 1966, suka yi ta hidimar wallafa. Sunayen Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu kaɗai sun isa su nuna cewa masu tsara su sun san karatu hawa hawa ne. Kuskurenmu a yau shi ne tsallake matakala. Sau da yawa uba yakan tuna daɗin da ya ji na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga tsakanin 1937 da 1939, sai ya saya wa ɗan aji ɗaya. Littafin gwani ne, amma dogayen jimlolinsa, da kalmomin fada da na Larabci, da labari cikin labari na bakin aku, duk na wanda ƙafarsa ta riga ta tsaya ne. Wurinsa a wannan mataki shi ne bakin malami, ya karanta yara su saurara. Haka ma Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, sai dai shi ya fi kusa da yaro, don ya riga ya ji irin labaran a bakin kakarsa.

Kashi na biyu su ne na shirye-shiryen koyar da karatu na baya-bayan nan, kamar Mu Karanta! da aka yi a Sakkwato da Bauci, da RANA da aka fara a Katsina da Zamfara. Waɗannan sun bi sautin harafi da haɗa gaɓa daki-daki, kuma wannan abin yabo ne. Rauninsu shi ne ta hannun hukuma ake raba su, ba a tsara su don uba ya shiga kasuwa ya saya ba.

Kashi na uku su ne ƙananan littattafai masu launi da ake tallarsu a bakin titi da ƙofar makaranta, kuma su ne suka fi isa hannun ɗan lebura don araharsu. A cikin waɗanda na duba akwai masu bin jerin abacadan Turanci, har da q da v da x waɗanda Hausa ba ta da su, sa'an nan babu ɓ da ɗ da ƙ. Yaron da bai ga ƙugiya a littafinsa na farko ba, yaya zai raba kafa da ƙafa, ko dari da ɗari?

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai zaɓen littafin farko ya kamata ya duba abubuwa huɗu. Na ɗaya, a fara da wasula biyar da baƙaƙe marasa goyo, a jinkirta irin su ky da gw da ts. Na biyu, ƙugiya ta fito sarai a bugu. Na uku, kada kalma mai fuska biyu ta tsaya ita kaɗai, sai da hoto ko jimlar da za ta fayyace ta. Na huɗu, abin da ke ciki ya zama na duniyar yaron. Ɗan Zawaciki ya san tirela da famfo da jiniyar kamfani kamar yadda ya san akuya, babu dalilin hana shi ganinsu a shafi.

Bugu da ƙari, wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Yawancin yaran nan suna zuwa makarantar allo, inda ake fara musu da babbaƙu, a bi da farfaru, kafin a kai ga haɗa kalmomi. Malaman allo ba su taɓa auna sauƙi da gajarta ba, da jerin matakai suke auna shi. Ya rage ga sassan Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi su koya wa ɗalibansu wannan awo, su kuma haɗa kai da masu ɗab'i a samar da littafi mai inganci a farashin da mai albashin kamfani zai iya biya.